Daga Ailan Zuwa Gwale: Yadda Za Mu Auna Labarin Soyayya



Sa'ad da aka ce in yi magana a kan littattafan soyayya da finafinansu, wani abokina ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ashe duk karatun nan namu a kan tatsuniyar 'yammata zai ƙare. Na ce masa, in tatsuniya ce, to tatsuniya ce wadda ta sa hukuma ta kunna ashana. A shekarar 2007, a nan Kano, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙone tarin littattafan Hausa da aka ƙwace daga makarantun 'yammata. Abin da ya kai a hura masa wuta lalle ya kai a zauna a duba shi. Kuma a cikinku da ke zaune yau akwai waɗanda gobe za su zama malaman makaranta, ko ma'aikatan hukumar tace finafinai da ɗab'i, watau ku ne za a miƙa wa littafi a ce ku yanke masa hukunci.

Zan fara daga nesa, daga ƙasar Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila. Kada ku ce na yi nisan kiwo, domin mutanen ƙasar ba baƙi ba ne a garin nan: matan mishan na St Louis da suka sauka Kano a 1948 daga can suka fito. Dalilin da ya sa na zaɓe ta shi ne, a da ƙasa ce ta manoma masu riƙo da addini, inda maganar iyaye da ta malaman coci take da nauyi a kan aure. Tsarin mulkinsu na 1937 ma ya haramta saki ɗungum, ba a ɗage haramcin ba sai bayan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta 1995. Mutum ya fi ganin tabon da ke fuskar maƙwabcinsa a kan nasa, saboda haka bari mu koyi awo da kayan wasu kafin mu ɗora namu a ma'auni.

Akwai wani fim mai suna The Quiet Man wanda John Ford ya shirya a 1952, aka ɗauke shi a ƙauyen Cong. John Wayne ya fito a matsayin Sean, ɗan damben da ya dawo daga Amurka zuwa ƙauyen haihuwarsa bayan ya kashe mutum a fagen dambe, ya yi rantsuwa ba zai ƙara ɗaga hannu ba. Ya ga Mary Kate, wadda Maureen O'Hara ta fito a madadinta, ya aure ta. Sai yayanta ya hana ta kayan ɗakinta da kuɗin da ya kamata ta shiga gidan miji da su. Angon ya ce shi mace ya aura, bai damu da dukiya ba. Amarya kuwa ta ce sam, muddin kayanta ba su iso ba, ita baiwa ce a gidan, ba matar gida ba.

Na kalli wannan wuri tare da yayata a gidanmu a Gwale, ban gama fassara mata ba ta ce, "Ai gaskiyarta ce." Ba'amurke mai kallo zai ɗauka taurin kai ne ko son abin duniya. Mu kuwa da muka san abin da jere yake nufi, muka san yadda uwa ke tara kwalla da tasa tun 'yarta tana goye, muka san irin kallon da dangin miji ke yi wa amaryar da aka kai ba gara, mun gane cewa mutuncinta take nema. A nan fim ɗin ya faɗi gaskiya, kuma wannan shi ne abu na farko da nake dubawa a kowane labarin soyayya: mene ne ya shiga tsakanin masoyan? Son da kansa iri ɗaya ne ko'ina, ba ya koya mana kome. Shingen shi ne ke bayyana al'umma.

Amma a wannan fim ɗin dai, mijin ya fisgo matar daga jirgin ƙasa, ya ja ta a ƙasa ta cikin gonaki, jama'ar gari na biye suna murna, aka kuma shirya abin domin mai kallo ya yi dariya. Ga ciyawa kore shar, ga mutanen ƙauye kullum cikin waƙa da barkwanci, alhali kuwa a waɗannan shekaru na 1950 samari da 'yammatan ƙasar tururuwa suke yi zuwa Ingila da Amurka saboda rashin aikin yi. Ford ɗan baƙin haure ne, a Amurka aka haife shi, ƙasar iyayensa ya zana kamar yadda mai kewa yake tuna gida. Ban ce ya yi ƙarya ba, amma wajibi ne mai kallo ya tambaya, da idon wa ake nuna mini wannan gari?

Wadda ta duba ƙasar daga ciki ita ce Edna O'Brien. Littafinta The Country Girls ya fito a 1960, labarin 'yammata biyu ne 'yan ƙauye da suka bar makarantar mishan suka shiga birnin Dublin, da abin da suka gamu da shi a hannun maza. Hukumar tace littattafai ta ƙasar, wadda dokar 1929 ta kafa, ta haramta shi nan take. Sai a 1967 aka gyara dokar, aka ce haramci ba zai wuce shekara 12 ba. Kafin rasuwarta a 2024, ƙasar da ta hana karanta ta ta koma alfahari da ita. Ku lura da kyau: fim ɗin da aka ja mace a ƙasa ya zama abin jan baƙi zuwa Cong, littafin da mace ta faɗi damuwarta shi aka rufe.

To, mu dawo gida. Labarin soyayya ba baƙo ba ne a rubutun Hausa. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, tun shekarun 1930, a kan mai kuɗin da ya ƙwace wa saurayi budurwa aka gina shi. Hafsatu Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma, da tattalin arziki ya karye, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasan Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ana sayarwa a kasuwa, ana ba da haya a unguwanni. Ibrahim Malumfashi ya kira abin adabin kasuwar Kano, ya yi masa suka mai zafi, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya masa, suka yi ta fafatawa a jaridu. Babban zargin da ake yi shi ne kwaikwayon finafinan Indiya, kuma ba zargin banza ba ne, duk wanda ya ga rawa da waƙar da suka cika finafinanmu tun daga Sangaya ya san haka.

Amma mu ɗora In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, a ma'aunin da muka gwada ɗazu. Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, iyaye sun fi son Abdulƙadir mai dukiya, har ta kai yarinya ta faɗa rijiya. Faɗawa rijiyar nan, a ganina, ƙamshin Bombay ne, kuma ita ce mafi rauni a littafin, domin ta ɗauke wa marubuci wahalar nuna yadda yarinya za ta yi jayayya da iyayenta a raye, cikin ladabi, ta kuma yi nasara. Shingen kuwa, watau auren dole da fifita mai kuɗi, ba daga Indiya aka yi odarsa ba. Yana nan Mandawari, yana nan Ɗorayi, kowannenmu ya san gidan da ya faru. Mai sukar da ya tsaya a kan rijiya bai ga shingen ba, ya karanta rabin littafi ne.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. (Abin dariya, bayan duk zargin aron da aka yi mana, Indiyawan ne suka zo aro.) Marubuciyar da kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaranta, ta aurar da Saudatu gidan mutunci. Da dukiyar Alhaji ta ƙone, sai mazan dangi suka taru suka matsa mata ta koma ta yi jinyarsa. Da wani ne ya rubuta shi, da ya rufe da biki da yafe wa juna, kowa ya tashi da farin ciki. Balaraba ba ta yi haka ba. Ta mayar da Rabi gidan, ta bar mai karatu da ɗaci a baki, kuma ɗacin nan shi ne gaskiyar littafin. Na tambayi mahaifiyata ko daidai ne da Rabi ta koma. Ta yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ta ce, "Wa ya tambaye ta?"

Wannan littafi, 'yan'uwa, a rumfa ɗaya ake sayar da shi da waɗanda ba su da kome sai kwatancen gashin budurwa da motar saurayi, bangonsu iri ɗaya, takardarsu iri ɗaya. Ba na musun cewa shirme ya yi yawa a cikinsu, balle yanzu da rubutun ya koma wayar hannu, inda babu edita babu mai gyara. Amma wuta ba ta iya karatu, ba ta bambance Rabi da shirme. Hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano tana nan tun 2001, kuma aikinta mutane ne ke yin sa, irinmu. Ranar da aka ajiye wa ɗayanku littafi a tebur, ina roƙon ya karanta shi har bangon ƙarshe kafin ya ɗauki biro.

Shugaba, na ga kana duban agogo.