Masu Gida da Baƙinsu: Waiwaye a Kan Kakar Ƙwallon Ƙafa ta 2021/2022



Mai girma Hakimi, uban taro, ranka ya daɗe, shugaban wannan ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu malamai, 'yan'uwa maza da mata da suka baro Kano da Kaduna da Abuja da Ikko domin wannan zama, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro iyali lafiya.

Da takardar gayyata ta iso mana, muka ga an rubuta cewa a kan ƙwallo ake so mu yi magana, sai da muka sake goge tabarau. Mun zaci kwamiti ya yi kuskuren adireshi. Amma da muka nutsu sai muka tuna cewa duk wanda ya fito daga kwalejin horon malamai a zamaninmu, da usur a wuyansa ya fito, domin darasin wasanni da motsa jiki wajibi ne kamar lissafi. Muna ɗalibai a kwaleji a 1978 lokacin da Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin gasar ƙasa, kuma a bakin rediyo guda muka taru muka ji labari. Kafin nan Mighty Jets ta Jos ce ta cinye gasar farko a 1972. Ashe ƙwallon ƙasar nan ba baƙo ba ne a Arewa, mu ma ba baƙinsa ba ne.

Kaka guda muka zaɓa, wato ta 2021/2022, wadda aka fara a watan Disamba na 2021 aka kammala a Yulin 2022. Mun zaɓe ta ne domin a cikinta aka yi abin da yawancinmu ba mu taɓa zaton gani ba.

Bari mu fara da allo da alli. Ƙungiyoyi 20 ne suka shiga gasar. Kowace za ta kara da sauran 19 sau biyu, sau ɗaya a gida, sau ɗaya a waje, jimla wasa 38 ke nan. Nasara maki 3 ce, kunnen doki maki 1, wanda aka doke kuwa ya tashi hannu rabbana. Huɗun ƙarshe su ke gangarawa rukuni na biyu. To, ɗan aji huɗu ma zai iya gaya mana cewa ƙungiyar da ta cinye duk wasanninta na gida, ba ta bar ko ɗaya ba, maki 57 za ta tara. Rivers United ta Fatakwal, a ƙarƙashin mai horarwa Stanley Eguma, da maki 77 ta ɗauki kofin wannan kaka, ta ba Plateau United da ke biye da ita tazarar maki 10. Ma'ana, ko da a ce ba ta zubar da komai a gida ba, sai da ta ɗebo aƙalla maki 20 a garuruwan mutane. Ɗan wasanta Chijioke Akuneto shi ya fi kowa zura ƙwallo, da guda 19. Kuma a lura, ƙungiyar ba ta daɗe da wannan suna ba, domin a 2016 aka haɗe Sharks da Dolphins aka samar da ita.

Wanda bai san gasarmu ba zai ce maki 20 a waje ai ba wani abin a zo a gani ba ne. Mu da muka san ta mun san nauyinsa. Shekara da shekaru al'adar gasar ita ce mai gida ya ci, baƙo ya yi haƙuri ya jira ranar da za a zo masa. Ga doguwar tafiya a mota, daga Kano zuwa Uyo ko Fatakwal yini guda cur, wani lokaci har da kwana a hanya. Ga haɗarin hanyar kanta: a watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana kan tafiya Owerri, 'yan wasa suka ji raunuka. Ga kuma alƙalin wasa, wanda shi ma ɗan Adam ne, yana da iyali, yana kuma kallon dubban mutanen da suka kewaye shi da ƙofa ɗaya tak ta fita.

Yanzu sai mu juyo ƙasan teburi, inda ciwon yake. Waɗanda suka gangara a wannan kaka su ne MFM ta Ikko, da Heartland ta Owerri, da Katsina United, da Kano Pillars. Biyu daga cikin huɗu namu ne.

Ba sai mun gabatar wa wannan taro da Pillars ba. An kafa ta a 1990, ta ɗauki kofin gasar a 2008, sannan sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta tare ta. A cikinta Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai. Daga 2003 har zuwa 2015 babu baƙon da ya doke ta a gida a wasan gasa, sai da Nasarawa United ta zo ta karya wannan tarihi. Kirarin "Sai Masu Gida" ba a banza aka same shi ba. Irin wannan ƙungiya ce ta wayi gari a rukuni na biyu, bayan kimanin shekara 20 tana cikin manya.

Ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne ƙungiyar ta daɗe tana gudun hijira, tana karɓar baƙinta a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, tun bayan da annobar korona ta sa aka mayar da filin Sani Abacha na Ƙofar Mata wurin killace marasa lafiya. Mai gida a gidan aro ƙarfinsa ragagge ne, wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Amma sai ga shi ranar da aka dawo gida, a watan Afrilu na 2022, cikin azumin Ramadan, baƙin da aka karɓa su ne maƙwabta, Katsina United. Wasa na tafiya babu ci, lokaci ya kusa cika, sai wasu 'yan kallo suka ɓalle suka shiga fili, wasa ya tsaya, aka farfasa gilasan motar baƙi. Hukumar gudanar da gasar ta zaftare wa Pillars maki 3, ta ci ta tarar naira miliyan 9, ta kuma tura wasanninta na gida zuwa Abuja. Ba a gama jinyar wannan ba, a watan Yuni, a wasa da Dakkada, sai wani babban jami'in ƙungiyar da kansa ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, wani hukuncin ya sake biyowa.

A nan muke so mu ɗan daɗe. Maki 3 ladan wasa guda ne cikakke: mako guda na atisaye, da gumin minti 90, wani lokaci da karaya. 'Yan wasa suka tara, waɗanda ba su taɓa ƙwallon ba suka zubar. Kuma wanda ya ɗauki dutse a wannan rana ba maƙiyin ƙungiyar ba ne, masoyinta ne, da kuɗinsa ya shiga, wataƙila ma da rigarta a jikinsa. A tunaninsa taimako yake yi. Mu a ganinmu tsawon shekarun da aka yi ba a shan kashi a gida su suka haifar da wannan ɗabi'a, har yara suka tashi suna ɗaukar nasarar gida a matsayin gado, kunnen doki kuma cin mutunci. Wannan ra'ayinmu ne, mai wani ra'ayin yana da damar tashi bayan mun zauna.

Mun taɓa ganin ƙaramin misalinsa. Wata shekara, muna riƙe da makaranta, ɗaliban wata firamare ta maƙwabta suka zo wasan sada zumunci, suka ci mu ɗaya da nema. Kafin mu ankara, samarin unguwa sun bi malamin da ya busa usur da jifa har bakin kasuwa. Washegari muka ɗauki keke muka je muka ba da haƙuri, muka kuma rufe ƙwallo a makarantar zango guda. Iyaye sun yi ƙorafi, yara sun yi kuka, amma da aka dawo, ɗalibanmu ne da kansu suke kai wa baƙi ruwa a bokiti lokacin hutun rabin lokaci. Hausawa dai sun ce baƙonka annabinka, kuma ba mu ji an cire ranar wasa daga cikin maganar ba.

Akwai wata ƙungiya a wannan kaka da ya kamata 'yan ƙungiya irin tamu su dube ta da kyau, ita ce Remo Stars. A shekarar ta hau babban rukuni, ta kuma ƙare ta uku. Ba ta gwamnati ba ce, kamar yadda Pillars da Katsina United da Rivers United suke. Wani ɗan kasuwa ne, Kunle Soname, ya kafa ta, ya kai ta Ikenne a Jihar Ogun, garin su marigayi Obafemi Awolowo, wanda ba babban birnin jiha ba ne. Ya gina mata fili, ya buɗe makarantar renon yara 'yan ƙwallo a gefe. A kakar 2024/2025 wannan ƙungiya ce ta ɗauki kofin ƙasar baki ɗaya. Ba muna cewa kuɗin gwamnati haramun ba ne, ai Rivers United da shi ta ci. Abin da muka lura shi ne, ƙungiyar gwamnati lafiyarta na bin lafiyar ofis: in an sauya kwamishina a sauya shugabanni, in an makara da albashi ƙafar ɗan wasa ta yi nauyi.

Domin adalci, mu faɗi cewa faɗuwar ba ta daɗe ba. A 2023 Pillars da Katsina United da Heartland duk suka dawo babban rukuni, tare da Sporting Lagos. Mun yi murna, mun ce an sha magani. Sai kuma a watan Oktoba na 2025, bayan Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa a Kano, aka sake shiga fili, aka sake zaftare maki 3, aka sake rufe filin. Abin mamaki, garin da aka tura Masu Gida su karɓi baƙinsu a wannan karon shi ne Katsina.

'Yan'uwa mazauna birni, wannan magana ta fi shafar ku. Samarin da ke cika waɗannan filaye ran wasa ba daga sama suka faɗo ba, a cikinsu akwai ƙannenmu da 'ya'yanmu da yaran shagunanmu, kuma da yawa kuɗin shiga daga aljihunku yake fitowa. Muna roƙon duk wanda ɗansa ke zuwa kallo ya daure ya raka shi ko sau ɗaya a kaka, ya zauna kusa da shi har a tashi. Na biyu kuma, muna miƙa wa kwamiti ƙoƙon bara a kan filin ƙwallon tsohuwar firamare, wanda gine-gine suka fara ci daga gefen gabas: a auna shi, a kafa masa turaka, a samo masa takarda kafin damina mai zuwa. Tsohon usur ɗinmu yana nan a akwati, idan an tashi buɗe fili za mu kawo shi.