Amsoshin Wasiƙunku: "An Cusa Wa 'Ya'yana Ƙina"

Wasiƙarmu ta yau ta fito daga wata baiwar Allah mai sayar da daddawa a wata kasuwar ƙauye a ƙasar Katsina, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ta ce shekara huɗu ke nan da mutuwar aurenta, mijin ya riƙe yaransu biyu, namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar shekara 7. Ran kasuwa ta hango su, ta miƙa musu ƙosai, sai babban ya kau da kai, ƙaramar kuma ta ce an hana su cin abin hannunta, wai ta gudu ta bar su. Tana tambaya: ta fita harkarsu ne, ko kuwa yaya za ta yi?

To, Malama, Allah ya ba ki haƙuri. Kada ki fita harkarsu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Maganar da ta fito daga bakin yarinyar nan ba tata ba ce, sa mata aka yi. Yaro yana ci yana kwana a gidan da aka ce ya ƙi ki, in ya nuna yana son ki, yana tsoron abin da zai tarar da dare. Wannan ciwo ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A Amurka ma wani likitan ƙwaƙwalwa, Richard Gardner, ya yi rubutu a kansa tun 1985.

Na farko, ki san haƙƙinki. Mutane da yawa sun ɗauka da an yaye yaro shi ke nan, na uba ne. Wannan al'ada ce. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, riƙon yaro bayan saki, wato hadana, na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta auri wani bare, riƙon ya koma wa kakar yaran ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwar. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba, ko a ina yaran suke. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba.

Na biyu, ki bi ta hannun manya. Kada ki je ƙofar gidansa ki yi ta ihu, domin abin da zai nuna wa yaran ke nan ya ce, "Kun gani ko?" Waliyyinki ya sami waliyyinsa, a zauna gaban liman ko mai unguwa, a tsai da magana a gaban shaidu: wace rana yaran za su zo, kwana nawa za su yi da salla da lokacin hutun makaranta. In abin ya faskara, a kai gaban dagaci ko ofishin Hisba inda akwai ta. In nan ma ya ƙi, ƙofar alƙali a buɗe take, kuma neman haƙƙi ba rashin kunya ba ne.

Na uku, kuma shi ya fi wuya: kada ki rama. Ran da Allah ya haɗa ku, kada ki zagi ubansu, kada ki tsare su da tambayar me matar uba ta ce. Yaro rabinsa uwa ne, rabinsa uba. Duk wanda aka zaga, shi aka zaga. Ki tambaye su karatu, ki yi wa yarinyar kitso. Ki riƙa aika kayan salla ta hannun gwaggonsu ko kakarsu, ko da za a dawo da su. Zumunci a ƙafa yake, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaro yana girma yana auna abin da aka faɗa masa da abin da idonsa ya gani.

Sannan kada ki bar baƙin ciki ya kwantar da ke. Ki riƙe sana'arki da adashinki, ki sami 'yar'uwa mai riƙon amana ki riƙa faɗa mata damuwarki. In barci ko abinci ya gagare ki, ki je asibiti.

Ku kuma maza, ba na ce ku kaɗai ke yi ba. Akwai matan da ke tafiya da yara gidan iyayensu, uba ya kai buhun gero a karɓe, a hana shi ganin ɗansa. Duka zalunci ne, kuma yanke zumunci ne. Igiyar aure ce ta tsinke, ta haihuwa ba mai tsinka ta.

Allah ya daidaita tsakaninku, Malama. Ki sake rubuto mana yadda zaman ya kaya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.