Turancin Matafiyi: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara



An nemi in ɗan yi tsokaci a kan Turancin tafiye-tafiye. Malamanmu sun koya mana nahawu da insha'i, Allah ya saka musu da alheri. To amma Turancin filin jirgi daban yake. Kalmominsa kaɗan ne, sai dai rashin sanin guda ɗaya kan jawo babbar asara.

Mu ɗauki kalmar "surname". Mu Hausawa, wani sunan mahaifinsa yake sawa, wani na garinsu. Abin da ke cikin fasfo shi za a rubuta a tikiti, harafi da harafi. In suka saɓa, ana iya hana mutum shiga jirgi.

Sai kalmar "declare", wato bayyana wa 'yan kwastan kayanka. A filayen jirgin Ingila, koriyar ƙofa ta wanda ba shi da abin bayyanawa ce, ja kuwa ta mai shi. Kilishin tsarabar nan da muke rainawa, doka ta hana shiga da shi daga Nijeriya, ƙwacewa za a yi.

Haka kwanan wata. In Ba'amurke ya rubuta 3/4, nufinsa 4 ga Maris, Baturen Ingila kuwa 3 ga Afrilu. Sai a duba kafin a kama ɗaki a otal.

Shawarata, a tanadi ɗan littafi, a riƙa haddace kalma 5 kullum. Cikin kwana 30 an sami 150. Inda aka shige duhu kuma a tambaya, don matambayi ba ya ɓata.

 Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.