ILMIN TSARIN JIN DAƊIN JAMA'A DA AMFANINSA GA ƘASAR HAƊEJA



Kula da marasa ƙarfi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai zakka da baitulmali, akwai gayya da adashi. Abin da jami'a ta ƙara shi ne mayar da wannan sha'ani fannin nazari. A Ingila, rahoton Beveridge na 1942 ya lissafa abokan gaban talaka guda biyar: fatara, cuta, jahilci, ƙazantar muhalli da zaman banza. A 1950 kuma aka naɗa Richard Titmuss farfesan wannan fanni a Jami'ar Landan.

Ɗalibin wannan ilmi yana koyon tambayoyi uku game da kowane shiri na hukuma: wa zai amfana, wa zai yi asara, wa kuma zai biya?

A ɗauki misalin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa a 1992. Kano ta sami ruwan sha, manoman Kadawa sun sami noman rani. Amma a ƙasar Haɗeja ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci ya rasa kifi, makiyayi ya rasa makiyayar rani, sai ya matsa wa gonar manomi. Ƙauyukan tudu irin na Birniwa ma abin ya shafe su, domin fadama ce madogararsu a shekarar fari. Injiniya ya auna ruwa daidai. Auna halin da mutane za su shiga aikin wani masani ne dabam.

Misali na biyu shi ne alawus na Naira 7,000 a wata da Gwamnatin Jigawa ta fara biyan naƙasassu a 2007, zamanin Sule Lamido. Niyya ce mai kyau, amma nan aikin masani yake farawa: wa ya ƙirga su? Makahon da ke ƙauye nesa da Dutse ya shiga lissafi? Me kuɗin ke saye bayan tsadar kaya?

Saboda haka ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Kafin Hausa da ya zaɓi wannan fanni sai ya haɗa littafi da tafiya ƙauye. Ma'aikaci kuwa ya tuna cewa kowace takarda da ya sa wa hannu, wani gida za ta faɗa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.