Ajin Yamma na Gina Shafin Intanet: Mu Fara da Abin da ke Hannunmu

Jawabin da kwamitin ilmi na reshe ya gabatar a taron malamai da iyayen yara a Tursa



Abin da ya tara mu a yau shi ne shawarar buɗe ajin yamma, bayan an tashi daga makaranta, domin koya wa samari da 'yan matanmu gina shafin intanet. Mun san tambayar da ke zukatan da yawa daga cikinmu: ina wuta, ina sabis, ina kwamfutocin? Tambaya ce mai tushe. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Rabah da Goronyo.

Amsarmu ita ce, koyon wannan sana'a ba ya jiran intanet. Shafi a asalinsa rubutu ne kawai. Yaro zai buɗe Notepad, ya rubuta kan magana da sakin layi cikin alamomin da ake kira HTML, ya adana, sannan ya buɗe shi da Chrome ko Firefox, sai ya ga shafinsa a gabansa ba tare da ya kashe ko kwabo a data ba. Shafin farko da Tim Berners-Lee ya fitar wa duniya a 1991, daga cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba, bai wuce rubutu da mahaɗai ba. Ɗalibinmu na aji uku a ƙaramar sakandare zai iya yin irinsa cikin makonnin farko.

Aikin hawa uku ne, kamar ginin ɗaki. HTML shi ne tubali da azara, shi ke tsayar da gini. CSS shi ne yaɓe da zane, wato launi da girman harafi da tsarin shafi. JavaScript kuwa shi ne ƙofa da makulli, abin da ke motsi idan an taɓa. Shawararmu ita ce a ba na farko zango guda, na biyu zango guda, a bar na uku ga waɗanda hannunsu ya faɗa. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da lokaci, muna ganin yammacin Alhamis da na Juma'a sun fi dacewa, tunda ranakun hutun makarantar allo ne, kada mu gyara wani karatu mu ɓata wani. Sa'a ɗaya da rabi ta isa, a kuma sallami yara da sauran rana, domin duk mun san halin da hanyoyinmu ke ciki. Lokacin girbi da dashen albasa sai a sassauta, don iyaye na buƙatar hannu a gona. Idan kwamfuta ta yi ƙaranci, yara uku su zauna ga ɗaya: wannan na bugawa, wannan na karanto masa daga takarda, na uku na farautar kuskure, suna karɓa-karɓa. Kowane shafi kuma a fara zana shi da fensir kafin a kunna na'ura, don kada batir ya ƙare a wajen tunani.

Me za su sa a shafukan? Nan ne zuciyar maganar. Ba ma son yaro ya kwafo labarin wata ƙasa da bai sani ba. Ya rubuta yadda ake noman tafarnuwa da albasa da shinkafa a fadamar Rima, da abin da ruwan madatsar Goronyo ke yi wa noman rani. Ya rubuta tarihin Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837, da na Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Ya rubuta da Hausa, da ƙugiyoyinta cikakku. Layi ɗaya ne a saman shafi, mai ambaton UTF-8, ke sa ɓ da ɗ da ƙ su fito daidai. Idan aka manta da shi, sai su rikiɗe su koma tarkace. Wanda ya san bambancin kafa da ƙafa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka malamin Hausa da na tarihi suna da gurbi a ajin nan daidai da malamin kwamfuta.

Iyayenmu, mun ji damuwarku a kan 'yan mata da kuma tsoron damfarar intanet. A ƙasar nan ce Nana Asma'u ta aika jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, don haka ilmin 'ya mace ba baƙo ba ne a gare mu. Za a ware musu ranarsu, tare da malama mace. Ba za a sa hoton yaro, ko cikakken sunansa, ko kwatancen gidansu a kowane shafi ba, kuma babu abin da zai hau intanet sai malami ya duba.

Ba mu yi wa kowa alkawarin arziki ba. Abin da muka sani shi ne, tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai a ɗakin jarrabawa ya shiga da rauni tun kafin ya karanta tambaya. A 2023 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3 a fannin fasaha. Ƙofa irin wannan, wanda ya taɓa gina shafi da hannunsa ne zai yi ƙarfin halin ƙwanƙwasa ta.

Sai abin da ya shafe mu kai tsaye a matsayin ƙungiya. Yawancinmu mun taɓa ganin ɗakin kwamfuta a kulle, ƙura ta lulluɓe na'urori, saboda an yi wa malamin da ya iya su canjin wurin aiki. Shiri irin wannan a kan malami yake tsayawa, ba a kan na'ura ba. Don haka muna neman abubuwa huɗu daga hukumomin ilmi da kwamitocin kula da makarantu: malamai aƙalla biyu a kowace cibiya, horo gare su a lokacin dogon hutu, alawus a rubuce na sa'o'in da suka ƙara, domin aikin da aka jingina ga sadaukarwa kaɗai ba ya daɗewa, sannan faifan sola da batir da kabad mai makulli. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk malamin da ke da niyya ya ba sakataren reshe sunansa kafin ƙarshen wannan zango. Kowace makaranta kuma ta ƙidaya kwamfutocin da take da su, masu aiki da masu buƙatar gyara. A ƙarshen zangon farko za mu gayyaci iyaye su zo su karanta labarin garinsu a shafin da 'ya'yansu suka gina.

Allah ya yi mana jagora, ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu.