Tsare Farantan Sola Daga Sheƙar Tsuntsaye

Jawabi ga Hakimai da malamansu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, cikin Masarautar Dutse.

Sanin kowa ne yanzu ana ɗora farantan sola bisa rufin ɗakunan shan magani, su mai da hasken rana lantarki. Da wannan wuta firiji ke sanyaya allurar rigakafi, wadda akasarinta ke bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Da rigakafi aka ci ƙarfin shan inna, har a ran 25 ga Agusta, 1920 da ɗari, watau 2020, aka shaida Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. In firiji ya mutu magani ya lalace, 'ya'yan talakawa ke shan wahala.

To, wani abin da ke iya kawo wannan ɓarna ba wani babba ba ne, tantabara ce da hasbiya. Tsakanin faranti da rufi akwai sarari mai inuwa, nan su kan yi sheƙa.

Ɓarnar tasu iri uku ce. Na farko, ƙananan gidajen da ke cikin faranti a jere su ke, kamar 'yan guga masu miƙa wa juna ruwa. In kashin tsuntsu ya rufe guda, sai ya rage aikin sauran, wurin kuma ya yi zafi. Na biyu, sheƙa ta kan toshe hanyar iska, alhali kuwa ƙarfin faranti raguwa ya ke yi in ya ɗau zafi. Na uku, busasshiyar ciyawa kusa da waya tana iya jawo gobara.

Maganin abin ba shi da tsada. A kewaye gefen farantai da ragar waya mai ƙananan idanu, a maƙala ta, kada a huda farantin. Kafin a rufe a duba, kada a kulle 'yan tsaki a ciki. A riƙa wankewa da sassafe da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, tun ba da hunturu ba. Kada a kankare da ƙarfe, kada kuma a zuba ruwan sanyi da tsakar rana. A daina shanyar hatsi kusa, masu kiwon tantabaru kuma su nisanta ɗakinsu. Lalle a hana yara harbi da danƙo, gama dutse guda ya isa ya fasa gilashin.

Ana roƙon Hakimai su umurci Dagatai da masu unguwa su sa mutum guda amintacce a kowane wuri. Malaman Hakimai kuwa su buɗe littafi, su rubuta sunansa da ranar da ya duba, kowane mako. In an ga waya ta zare, kada kowa ya taɓa, a kira ma'aikacin lantarki.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya taimaki Hakimai bisa wannan aiki, amin.