IDAN LAFTOF TA CIJE KO TA ƘI FARKAWA DAGA BARCI

Jawabin da 'yan'uwanmu masu sana'ar gyaran kwamfuta suka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya



Kwamitin ilmi na wannan ƙungiya ne ya nemi mu, mu 'ya'yanku da ke gyaran na'ura mai ƙwaƙwalwa a nan Ikko, mu yi wa jama'a bayani a kan matsalar da ta cika kawo mana mutane hankali tashe. Wato laftof ce za a kunna ta cije a hanya ta ƙi ƙarasawa, ko kuwa a rufe murfinta ta yi barci, a dawo a buɗe ta ƙi farkawa. Abin da ya sa muka amsa da sauri shi ne, yau akwai Alhajin da lissafin bashinsa na shanu ko na goro duk yana cikin wannan na'ura, akwai ɗan canjin da ita ce littafinsa, akwai kuma ɗalibar da aikinta na kammala jami'a ke ciki. Sau da yawa abin da ke ciki ya fi ita kanta na'urar tsada nesa ba kusa ba, kuma a wajen gyaran gaggawa ne ake hasararsa.

Maganarmu ɗaya ce. Laftof ɗin da ta cije, galibi ba mutuwa ta yi ba, kuma inda ta tsaya shi ke nuna inda ciwon yake. Idan an danna maɓalli, da farko wuta ce ke shiga. Sannan wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin allon injin, wadda ake kira bayos, ta ƙidaya kayan ciki ta ga ko kowa na nan, a lokacin ne ake ganin tambarin kamfani, Dell ko HP ko Lenovo. Bayan nan ne take miƙa ragama ga Windows, a ga 'yan ɗigo-ɗigon nan suna zagayawa. Saboda haka kafin a ce "ta lalace", a tsaya a duba a wace ƙofa ta maƙale cikin ukun nan.

Idan a ƙofar farko ce, wato fitila ta kama, ƙila ma fanka na juyawa, amma fuska baƙi ƙirin, akwai magani na kyauta da ya kamata a fara da shi. A zare caja, a cire batir in mai ciruwa ne, a zare duk abin da aka soka mata, sannan a danne maɓallin kunnawa har daƙiƙa 30 ba a saki ba. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta kwanta a ciki. Sai a mayar da caja kaɗai a gwada. Kada a raina wannan, don na'urori da yawa a nan suke warkewa. In ba ta tashi ba, a danna maɓallin Caps Lock a ga ko 'yar fitilarsa na kamawa tana mutuwa. In tana yi, to inji na da rai, mai yiwuwa fuskar ce ta mutu, kuma za a tabbatar in an haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI. A lura kuma da ƙyaftawar fitila, domin ba banza take yi ba. A laftof ɗin Dell na shekarun nan, fitilar batir in ta ƙyafta ruwan ɗorawa sau 2 sannan fari sau 3, cewa take yi ba ta ga ram ba, wato 'yar sandar nan da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinta.

A nan ne zamanmu na Kurmi ya shigo. A gida Arewa ƙura ce abokiyar gabar kwamfuta. A nan kuwa laima ce, ga iskar teku mai gishiri, kuma su biyun suna sa haƙoran ram su dushe har su daina haɗuwa da kyau. Wanda ya iya, ya ciro ram ɗin bayan ya raba na'urar da wuta, ya goge haƙoran da magogin fensir a hankali, ya mayar har ya ji ta ce ƙyas. Wanda bai iya ba, ya kai a yi masa a gabansa, aikin minti biyar ne. Sai dai wasu sababbin sirara ram ɗinsu a like yake, ba ya ciruwa.

Ƙofa ta biyu ita ce a ga tambarin kamfani ya fito ya tsaya cik. Abu na farko, a duba ko an manta filas ko wayar firinta a jiki, don kwamfuta kan tsaya tana neman Windows a cikin filas ɗin da babu shi. In babu, sai a shiga bayos: a Dell ana danna F2 da zarar an kunna, a HP a danna Esc sannan F10, a ThinkPad na Lenovo kuma F1. Abu biyu za a duba a can. Na ɗaya, kwanan wata. In aka ga ya koma shekarun baya, to ɗan batirin da ke riƙe agogo ne ya mutu, wanda a na'urori da yawa mai lamba CR2032 ne, kuma ba shi da tsada. Na biyu, ko bayos na ganin rumbun ajiya, wanda mu a sana'a muke kira hadi-dis. Akwai kuma gwaji na kyauta da kamfani ya saka a ciki, a Dell ta F12 ake isa gare shi, a HP ta Esc sannan F2. Zai gwada ram da rumbu, in akwai matsala ya ba da lamba. A rubuta lambar nan a takarda.

Amma jama'a, in aka kasa kunne aka ji rumbun yana ƙas-ƙas-ƙas, don Allah a kashe, a daina gwadawa. Tsohon samfurin rumbu faifai ne ke juyawa a ciki, da allura a kansa, kuma kowace kunnawa ƙara karce faifan take yi. Zafin nema ba ya kawo samu. Mun sha ganin rumbun da za a iya ceto kayansa ran farko, amma kafin ya iso hannun mai gyara an kunna shi sau hamsin. Sabon samfuri da ake kira SSD ba ya ƙara, shi in zai mutu ba ya sallama.

Bari mu ɗan taɓo caja. Yawancin Dell da HP bolt 19.5 suke sha, Lenovo kuma 20, kuma a rubuce yake a jikin cajar da ƙarƙashin na'urar. Cajar Dell mai zagayayyen baki tana da 'yar allura a tsakiya da ke gaya wa na'urar ko ita wace ce. In jabu ce, ko allurar ta karye, sai na'urar ta tsaya tun a farko da rubutu cewa ba ta gane cajar ba, ta nemi a danna F1, sannan ta ƙi cajin batir ta yi ta jan ƙafa. Wanda bai karanta rubutun ba sai ya ce ta cije. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga wurin da ake shafawa da yatsa kuwa, wannan ba na lallaɓawa ba ne, yana iya kamawa da wuta.

In ɗigo-ɗigon Windows ne ke ta zagayawa ba ƙarshe, to an wuce ƙofa biyu lafiya, kuma galibi rigimar ta manhaja ce. A fara ba ta lokaci, ko da awa ɗaya, caja a jiki, don wataƙila sabuntawa take ƙarasawa, kuma kashe ta a tsakiyar sabuntawa shi ke mai da ƙaramar magana babba. In ta wuce haka, a danne maɓalli ta mutu, a kunna, da ɗigon ya fito a sake kashewa. In an yi haka sau biyu ko uku a jere, Windows da kansa zai buɗe shuɗin shafin gyara. A bi zaɓuɓɓukan har a kai inda aka jera lambobi 1 zuwa 9, a danna 4. Wannan shi ne sef mod, inda na'ura ke tashi da abin da ya zama dole kaɗai. In ta tashi a nan, galibi ƙarfenta lafiya lau, sai a cire abin da aka saka mata na baya-bayan nan. Kuma kada wani ya ɗauka wannan ciwon talaka ne mai tokumbo. Ran 19 ga Yuli 2024, sabuntawa guda ɗaya daga kamfanin CrowdStrike na Amurka ta hana kwamfutoci wajen miliyan 8.5 tashi, bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Maganin da aka ba duniya shi ne a shiga sef mod a goge fayil ɗaya.

To, mu zo kan barci, wanda shi ya fi ruɗa mutane. Kashi uku ne. Akwai gyangyaɗi na asali, inda komai ke mutuwa sai ram kaɗai ake bar wa 'yar wuta. Akwai barcin gaiwa, wanda ake kira haibanet: kamar yadda gaiwa ke shigewa taɓo da rani har ruwa ya dawo, haka na'urar ke kwashe aikin da ke buɗe ta zuba a rumbu ta mutu gaba ɗaya, ba ta shan batir ko kaɗan. Na ukun mu likimo muke ce masa. Microsoft ta fara shi da Windows 8 a 2012, kuma yawancin sababbin laftof da shi suke zuwa. Fuska ta mutu, amma a ciki na'urar tana nan kamar wayar hannu, tana leƙa intanet, tana iya ɗauko sabuntawa. Shi ya sa ɗalibi zai rufe murfi a Agege ya cusa ta jaka, ya shiga danfo cunkoso ya riƙe shi awa biyu, ya isa makaranta ya tarar da ita kamar dutsen guga, batir ya ƙare, ta ƙi kunnuwa. Ba aljanu ba ne. Wanda ke son sanin irin barcin da tasa ke yi, ya buɗe baƙin shafin umarni ya rubuta powercfg /a. In a jerin sama ya ga S0, likimo ne. In S3 ya gani, na asali ne. A namu ra'ayin, duk na'urar da za ta shiga jaka, a sa ta barcin gaiwa ko a kashe ta kawai.

Amma ita ma kashewar akwai magana. Tun daga Windows 8 ɗin nan, kashewar da aka saba ba cikakkiya ba ce, don na'urar na adana wani sashe na kanta saboda ta tashi da sauri gobe. In akwai tangarɗa a sashen, da ita za ta kwana da ita za ta tashi. Ristat shi ne ke wanke komai, ko kuma a danne Shift a lokacin da ake kashewa. Wanda tasa ta cika cijewa da safe, ya shiga sashen wuta na Control Panel, wurin da ake zaɓar aikin maɓallin kunnawa, ya cire alamar tashi-da-sauri. A wannan shafin ne kuma ake fito da haibanet, don a ɓoye yake zuwa.

In an buɗe murfi fitila na ci amma fuska ta ƙi dawowa, a danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a tare. Wannan yana farkar da direban hoto, wato manhajar da ke tuƙa fuskar, kuma shi ne ya fi yawan laifi a wannan matsala. Maganinsa na dindindin a ɗauko direban daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, daidai lambar samfurinta. Tun da Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na gama-gari ran 14 ga Oktoba 2025, ana ta cusa Windows 11 a tsofaffin na'urorin da ba a yi su dominsa ba, kuma irinsu ne barci ya fi ba su wahala. Wadda ke farkawa da kanta cikin dare kuwa, a rubuta powercfg /lastwake, zai faɗi wanda ya tashe ta, sau da yawa maus ne. Akwai ma wani abin dariya: maganaɗisu ne ke gaya wa laftof an rufe murfi, saboda haka in an ɗora waya a gefen madannai, ko an ɗora laftof a kan wata, sai ta yi barci tsakar aiki.

Saura maganar kai wa mai gyara, kuma da kanmu muke, don mu ma 'yan sana'ar ne. A Computer Village na Ikeja da sauran kasuwanni akwai gwanaye na gaske, akwai kuma wanda kalma ɗaya ya sani, fomat. Fomat share rumbu ne ƙaƙaf, kuma yin sa kafin a kwashe kaya gyaran gangar Auzinawa ne. Ku ce a fara kwashe muku kayanku, ku gani da idonku a wata na'urar, sannan a taɓa Windows. In ciwon na fuska ne ko na caji, kuma rumbun mai ciruwa ne, ku karɓi abinku ku tafi da shi gida. Kada kuma ku yarda a sabunta bayos sai batir a cike, don in Nepa ta ɗauke wuta a tsakiya na'urar ta mutu, gyaran ya koma na allon inji.

Abu na ƙarshe shi ne kulle. Sababbin na'urori da yawa suna kulle rumbu da wani tsari mai suna BitLocker ba tare da mai ita ya lura ba, musamman daga Windows 11 na 2024. In an canza allon inji ko an taɓa bayos, sai ta nemi mabuɗi mai lambobi 48. Mabuɗin yana cikin asusun Microsoft da aka shiga na'urar da shi, kuma in babu shi babu mai gyaran da zai buɗe rumbun, komai gwanintarsa. Iyayenmu da yaran shago suka buɗe musu asusu, a nemi yaran tun yau su fito da lambobin, a rubuta a takarda a adana tare da takardun gida. Duk wanda ya zo da tasa laftof, muna nan bakin ƙofa bayan an tashi, za mu nuna masa inda zai ga mabuɗin nasa.